Mai Amsa Tambaya Ta Bakwai

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take. Zuwa ga ruwan farko bayan dogon rani, farin watan da ake leƙe ta saman katanga. Zuwa ga dalar zuciyata, wadda kullum hawa take yi, ba ta san hanyar sauka ba. Zuwa ga masanin masana, gwanin jadawali, ɗalibin digiri na biyu a fannin tattalin arziki da cinikin ƙasa da ƙasa, wanda ranar Alhamis mai zuwa zai tsaya gaban manyan malamai ya kare kundinsa!

Gaisuwa nake aiko maka katan-katan, ba kuɗin fito, ba kwastam, ba ɗan tsakani. Ina fatan kana lafiya, kana cin abinci a kan lokaci, kuma wuyanka bai ƙage ba saboda ɗaga kai. Ni ce mai shagon zif da maɓalli da zare a layin teloli, wadda iyayenka suka zo gidansu wata biyar da suka wuce aka tsayar da rana. Na tsaya gabatar da kaina ne don na lura kwanan nan mantuwa tana damunka, kuma ba na so ka kai ƙarshen takardar nan kana tambayar kanka wace ce wannan.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa, ya muradin raina? Ni kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta ba gargada. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, layinmu ya zama kogi, sai ga ka nan ka faɗo shagona a jiƙe sharkaf, ka rungume jaka a ƙirji kamar mai jego. Zif ɗin jakar ya dare, takardun lacca suna shan ruwa, tabaranka ya yi hazo har ka gai da katan ɗin lasti kana tsammanin mutum ne. Ka ce in sayar maka da sabon zif. Na ce ba sabo yake buƙata ba, kansa ne ya saki. Na matse shi da filaya, na goga wa haƙoransa kyandir, ya wuce sumul. Ka miƙo kuɗi, na ce ka bar shi. Ruwa ya ɗauke, ba ka tafi ba. Rana ta fito, ƙasa ta fara shan iska, kana nan tsaye kana juya maɓallai a faranti kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Can sai ka tambaye ni me ya sa zif ɗin da teloli suka saya makon jiya ya ƙara kuɗi yau, alhali katan ɗaya ne, ban buɗe sabo ba.

Na ce maka ai ni ba a kan kuɗin da na sayo kaya nake sayarwa ba, a kan kuɗin da zan sake sayo su nake sayarwa. Nan take ka zaro wata jiƙaƙƙiyar takarda ka rubuta. Wayyo zuciyata! Shekara shida ina bayan kantar nan, kai ne mutum na farko da ya tambaye ni dalilin tsada don yana so ya sani, ba don yana neman ragi ba. Wace mace ce za ta ji haka ƙirjinta bai buga ba? Ran nan da na koma gida, gishiri na zuba wa Baba a shayi.

Daga nan kujerar robar da ke bayan kanta ta zama taka. Shekara biyu kana tasowa daga jami'a kai tsaye, ka zauna tsakanin kwalayen allura, ka buɗe littafi mai kaurin bulo, ka yi ta karanta mini yadda ƙasashe ke ciniki da juna, da yadda babban banki ke ɗaga kuɗin ruwa, da yadda zaman mutum goma a wani bene can ƙetaren teku ke sa allura ta yi tsada a layinmu. Ina jin daɗi, wallahi. Sai dai a hankali karatun ya tashi daga littafi ya hau harshenka, ya ƙi sauka. Na tambaye ka wata rana ko har yanzu kana sona kamar da, ka gyara tabarau ka ce ƙwarai kuwa, muddin sauran abubuwa suka tsaya yadda suke. Waɗanne abubuwa, bawan Allah? A ina ka taɓa ganin abu ya tsaya yadda yake? Ko zaren da ke bakin ƙofa rana tana cin launinsa. Wata rana kuma ka koya mini cewa arzikin duniya yana ƙaruwa ne idan kowace ƙasa ta riƙe abin da ta fi gwanancewa a kai, ta sayi sauran a wurin wasu. Ka ce haka gidanmu zai kasance: ni in riƙe girki da wanki da shago, kai ka riƙe tunani. Na yi dariya har na ƙware, don a lokacin na ɗauka wasa kake yi.

Ko Umma, mahaifiyarka, sai da ta kawo mini ƙararka. Ta ce ta aike ka sayen albasa, ka dawo hannu rabbana, ka zaunar da ita ka yi mata laccar rabin sa'a a kan hauhawar farashi, miya tana jira a kan wuta. Ta ce, ƴata, wannan karatun nasa kuwa yana da magani? Na ce ta yi haƙuri, zai sake shi in ya gama. So hana ganin laifi, duk na shanye.

Yanzu bari in tuna maka wata Talata da hantsi, tunda ita ce uwar wannan digirin. Ka zo fuska a murtuke, ka ce Farfesa, malamin da ke duba aikinka, ya yi watsi da batun kundinka karo na uku, wai duk abin da ka kawo an riga an rubuta shi. Kana cikin ƙorafi sai ga saƙon Dillali a wayata, wato mutumin da ke yi mana odar kaya daga masana'antar ƙetare. Ina dubawa na miƙe, na ce ka tsare mini shago, zan je in kama katan goma yanzun nan. Ka ce me ya yi zafi? Na ce Dillali ya saba ba ni farashi mai wa'adin mako biyu, yau ya ce na kwana uku ne. Duk ranar da wa'adi ya gajarce haka, manyan da ke sama da shi sun shinshino cewa darajar kuɗinmu za ta faɗi, ba sa so a kama su da tsohon farashi. Rediyo sai bayan kwana goma take sanarwa, jarida kuwa sai an gama kuka. Ka zabura ka miƙe har kanka ya bugi katakon da nake jera zare, zare ya zubo mana a ka. Ka ce, ke, kin san abin da kika faɗa kuwa? Na ce na sani mana, da shi nake cin abinci.

Kwana tara bayan nan kuɗinmu ya faɗi, Farfesa kuma ya karɓi batunka hannu bibbiyu. Da aka ce sai ka ji ta bakin ƴan kasuwa goma sha biyu masu shigo da kaya, ni na rufe shago na zaga da kai layi-layi ina roƙon mutane. Mai Taya ya kore ka sau biyu, ya ce ɗan leƙen asirin masu haraji ne kai. Sai da na ce masa mijin da zan aura ne, sannan ya ba ka benci.

To, ya farin cikina, mako biyu ke nan da ka shigo shagona da kundin nan a hammata, shafi ɗari da tamanin da huɗu, baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Ka ce in ɗaga in ji nauyinsa, in ajiye in nuna wa Umma in ta biyo. Sannan ka zaro wata takarda da ka ninke ta yadda layin sa hannu kaɗai ke waje, ka ce, ki sa hannu a nan, ba wani abu ba ne, ƙa'idar makaranta ce kawai, duk wanda aka yi hira da shi yana sa wa. Ka duba agogo ka fice, wai lacca. A nan ka yi kuskuren da ba mai yin sa sai mai ilimi. Shekara biyu kana zaune kusa da ni ina karanta takardun jirgin ruwa da na kwastam, masu rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa, duk da Turanci, amma ko sau ɗaya bai faɗo maka a rai ba cewa mai karanta waɗancan za ta iya karanta naka. Dillalin da na sani shekara shida ma ba na sa masa hannu sai na warware takarda na bi ta layi-layi.

Na ce bari in fara da kundin, don in san abin da zan yi alfahari da shi. Kwana tara na yi ina karatu tsakanin mai sayen zif da mai sayen allura, ƙamus a waya, yatsa a kan layi. Kai, masha Allah! Babi na biyu kam ya tsaru, ba zan ci haƙƙinka ba. A nan ka yi bayanin dokar asalin kaya: cewa ko katan ɗaya ba ya ƙetare iyaka sai da takardar da ta faɗi inda aka ƙera shi, kuma wanda ya kankare tambarin wata masana'anta ya manna nasa, ya yi ha'inci ko da ya biya kuɗin kayan. Har hawaye na yi don daɗi. Na ce wa Mai Yadi, maƙwabciyata, zo ki ga irin mijin da Allah ya ba ni, mutum mai kishin gaskiya har a kan kwali.

Sai na shiga babi na huɗu, na haɗu da wata baiwar Allah da ake kira Mai Amsa Tambaya ta Bakwai. Mace ce, in ji ka, ƴar shekara ashirin da tara, mai sayar da kayan ɗinki, karatunta bai wuce sakandare ba, tana tsayar da farashi bisa sabo da jin jiki, ba bisa wani lissafi na ilimi ba. Na tausaya mata ƙwarai, na ce Allah sarki, wannan kam tana cikin duhu. Sai da na kai inda ta ce ba a kan kuɗin da ta sayo kaya take sayarwa ba, sannan na gane a madubi nake kallo. Kada ka fara, na sani: ƙa'ida ce a ɓoye sunan waɗanda aka yi hira da su, kuma ban ƙi ba. Amma ko lamba za a ba ni, ta bakwai? Mai Taya da ya kore ka sau biyu shi ne na ɗaya!

A shafi na ɗari da goma sha biyu kuma na tarar da zancen wa'adin Dillali, an yi masa wanka, an sa masa riga da hula, an raɗa masa suna Ma'aunin Gajartar Wa'adi, wanda mai binciken ya gano bayan dogon nazari. Dogon nazari! Ni dai iyakar nazarin da na gani da idona shi ne ka buga kai da katako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na koma shafin godiya ko zan tsinci kaina a can. Ka gode wa Farfesa, ka gode wa ma'aikatan ɗakin karatu, ka gode har wa mai gyaran kwamfutarka. Ni kuwa ina cikin garken da ka kira sauran ƴan kasuwar da suka ba da lokacinsu. Duk da haka na haɗiye, na ce ƙila haka masu digiri ke nuna kunya.

Daga nan ne na warware takardar da ka ninke. Tambaya ta biyar tana cewa: shin akwai wata alaƙa ta jini, ko ta aure, ko ta kusanci, tsakanin mai bincike da mai amsa tambaya? A ƙarƙashinta, da rubutun hannunka, wannan rubutun mai karkata dama wanda na adana wasiƙu goma sha huɗu da shi a ƙasan akwatina, ka sa kalma ɗaya. Harafi huɗu ce da Turanci. Na duba ƙamus ko tana da wata ma'ana ta biyu wadda sai masu digiri suka sani. Ba ta da ita. Na juya ta da Hausa, nan ma harafi huɗu: babu. Ka ga ko wajen canji ba ta yi asarar komai ba.

Ban yanke maka hukunci ba, ya abin begena. Na ce takarda takarda ce, bari in je in ji daga bakinka. Ranar Alhamis da ta wuce na sa rigar da ka ce ta fi yi mini kyau, na bar wa Mai Yadi shago, na hau bene na uku na tsangayarku. Doguwar baranda mai warin maganin goge ƙasa, allon sanarwa cike da sakamakon jarrabawa, ɗalibai jingine da bango kowa rungume da fayil kamar masu jiran likita. Ina tsaye ina karanta sunayen da ke jikin ƙofofi, sai ƙofar ƙarshe ta buɗe, ka fito tare da wani dattijo mai furfura, wato Farfesan naka, yana dafe da kafaɗarka. Ka gan ni. Na ga ka gan ni, don ka yi wuƙi-wuƙi da ido kamar an kama ka da hannu a tukunya. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya juya gare ka ya ce, wannan fa? Zuciyata ta tsaya cak tana jira, kamar shuka tana jiran yayyafi. Ka gyara tabarau, ka yi gyaran murya, ka ce ɗaya ce daga cikin waɗanda ka tattara bayanai a wurinsu.

Farfesa ya ji daɗi ƙwarai. Ya ɗaga murya, ya rage saurin magana, irin yadda ake yi wa kurma ko baƙo, ya ce, baiwar Allah, mun gode da haɗin kai. Ya ce ɗalibin nan nasa ya gano wani abin mamaki da zai taimaki irinmu ƙananan ƴan kasuwa: wai idan na ga dillali ya rage wa'adin farashi, to in yi maza in sayi kaya, don kuɗi zai faɗi. Ya tambaye ni ko na fahimta. Na ce na fahimta, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara masa basira. Kai kuwa kana tsaye kana nazarin takalminka, kuma na tabbata shi ma dogon nazari ne.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba zancen wa'adi ba ne. Ɗauki, na ba ka, akwai irinsa da yawa a inda ya fito. Abin da ya ƙona ni shi ne, ni a tsakiyar kasuwa, gaban Mai Taya da duk masu zaman bencinsa, na cire kunya na ce mijin da zan aura ne, har aka yi mako ana tsokanata. Kai kuwa a gaban mutum ɗaya tak, tsoho mai kirki wanda ko maɓallin hannun rigarsa ya cire bai sani ba, harshenka ya kasa ɗaukata. Na ji kunya, na ji ciwo, kuma na yi kuka a kan matakalar benenku, ba zan ɓoye maka ba.

A nan Sakatariyar sashenku ta same ni, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Ta ja ni ofishinta ta ba ni ruwa, ba ta tambaye ni komai ba. Ni na tambaye ta, na ce, Anti, idan ɗalibi ya rubuta gaskiya cewa akwai alaƙa, me ake yi masa? Ta ce ba korarsa ake yi ba, ƴata. Kwamiti ne zai sake zama, a sa wani ya sake yin hirar, a ɗage kare kundin zuwa baɗi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, in kuma ƙarya ya rubuta, yawanci ba mai ganewa, sai shi da wadda ya yi wa. Sannan ta jawo durowa ta ba ni sabuwar takarda da ba a cike ba. Ta ce ranar Laraba da sha biyun rana take rufe karɓa, kuma duk wanda aka yi hira da shi yana da haƙƙin ya zo ya karɓi kwafin tasa.

Na san abin da baɗi ke nufi, kada ka ɗauka ban auna ba. Aikin da ka nema a sashen bincike na wani banki, inda aka ce ka kawo shaidar kammalawa kafin ƙarshen wata, zai wuce ka. Abokan karatunka za su sa hular nan mai kusurwa huɗu su ɗauki hoto, kai kana gefe. Farfesa zai cire hannunsa daga kafaɗarka, aƙalla na ɗan lokaci. Ban raina ko ɗaya ba. Ni ƴar kasuwa ce, na san zafin asara tun kafin ka san sunanta a littafi.

Saƙonninka goma sha bakwai duk sun iso, kuma na karanta su da ladabi. Ka ce kowa haka yake yi. Ka ce a gajeren zango ne kawai za a ji zafi, a dogon zango komai zai daidaita. Ya masoyina, ni a gajeren zango nake zaune, a nan shagona yake, kuma a nan aka ce babu ni. Ka ce bayan Alhamis za ka kai ni gaban Farfesa ka gabatar da ni yadda ya kamata. A matsayin wa? Wadda ka haɗu da ita ranar Juma'a? Ko ranar ɗaurin aure za mu ɓoye wa tsohon katin gayyata, kada ya zo ya tarar da lamba ta bakwai a kujerar amarya?

Kuma duk da haka ina sonka, kaicona! Ina sonka kamar yadda busasshiyar ƙasa ke son hadari ko da ta san wani lokacin iska kawai yake kawowa. Ina son yadda kake lumshe ido idan lissafi ya fito maka daidai, da yadda kake cin gefen biro, da yadda ba ka taɓa wuce mabuƙaci ba tare da ka laluba aljihu ba, ko da ka san ba komai a ciki. Kwana huɗu ke nan duk mai tabarau da ya gifta ƙofar shago sai gabana ya faɗi. Jiya wani tela ya ce in ba shi baƙin zare, na ba shi ja, ya ce ko lafiya, na ce mura ce. Ina zan kai wannan zuciyar da ba ta jin magana? Wa zai saye ta, alhali an riga an rubuta sunanka a jikinta da abin da ba ya kankaruwa? Mutumin da ya tsaya a shagona bayan ruwa ya ɗauke don kawai yana so ya san gaskiyar abu, shi nake nema. Ban sani ba ko yana nan a cikin wannan mai kundin, kuma kai kaɗai za ka iya gaya mini.

Saboda haka ga yadda za mu yi. Waccan takardar da ka ninke na yaga ta. Sabuwar tana cikin ambulan ɗin nan da zan kai wa Umma da kaina, kuma ba ta san abin da ke ciki ba. Na sa hannu a ƙasa, da cikakken sunana da kwanan wata. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na sa hannu a takardar da ba a gama cikewa ba, kuma ba ɗan Adam ɗin da zan yi wa haka sai kai. Layin tambaya ta biyar na bar maka shi fari. Ba zan je wurin Farfesa ba, ba zan kai ƙara kwamiti ba, ba zan tona maka asiri a gaban kowa ba. Ranar Laraba da ƙarfe ɗaya zan hau benen nan in karɓi kwafina a hannun Sakatariya, in karanta.

In na tarar ka rubuta gaskiya, to zan jira baɗi tare da kai, har baɗin baɗaɗa in ta kama. Duk wanda suka aiko ya sake yi mini tambayoyi zan ba shi kujera in amsa masa dalla-dalla, kuma duk wanda ya yi maka dariya a layin nan zai san da wa yake magana. In kuwa na tarar da harafi huɗun nan, to ka kwantar da hankalinka, ya hasken idona, ka shiga ɗakin nan ranar Alhamis kanka a ɗage. Ba wanda zai taɓa kama ka da ƙarya. Son da nake yi maka ya wuce in bari a ce ka yi wa jami'a ƙarya a rubuce. Kafin ka buɗe baki a gaban malaman, Baba ya riga ya aika wa iyayenka cewa an fasa auren, abin da ka rubuta ya zama gaskiya.

Na yi maka alkawari, kuma ka san ba na saɓawa: duk abin da hannunka ya sa a layin nan, ni zan tsaya a kansa har ƙarshen raina.

Taka mai riƙon amana, wadda ba ta taɓa ƙaryata ka ba kuma ba za ta fara yanzu ba,

Mai shagon zif